Alkyabbar Jami'a da Littafin Bashin Iya

Bara ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗalibai ta turo sanarwa cewa kwalejin da muka yi karatu za ta yi bikin yaye ɗalibai, kuma za a haɗa da karrama waɗansu daga cikinmu da waɗansu mutanen gari. Wannan "mutanen gari" ɗin ne ya sa na nemi izini a wurin aiki na kama hanya. Tun kafin motarmu ta bar tasha na riga na jera mutum uku a raina, na ce in dai da gaske ake, to yau ranarsu ce.

An sa ƙarfe goma na safe. Ba a buɗe taro da addu'a ba sai da azahar ta gota, saboda babban baƙo bai iso ba. Mu aka jibge mu a rumfar baya, inda iskar fanka ba ta kaiwa. Ɗaliban da aka tara jama'a dominsu kuwa suna tsakar rana, gumi ya jiƙe rigunan da suka karɓo haya, iyayensu mata sun shimfiɗa tabarmi a gindin dalbejiya suna gadin kulolin abinci. Da jiniya ta taso daga bakin ƙofa sai wuri ya hargitse, aka kora mutane gefe, mai gabatar da taro ya ajiye takardar hannunsa ya koma sanƙira.

Waɗanda aka karrama su ne ɗan majalisa mai ci, da shugaban ƙaramar hukuma mai ci, da uwargidan wani babba, da wani basarake, sai ɗan kwangilar da ya gina ɗakin taron kwalejin, wanda kuma an biya shi kuɗin aikinsa cif. Biyu daga cikinsu ko leƙowa ba su yi ba, wakilai suka turo. Wanda ya karɓar wa ɗayansu lambar wani matashi ne, ya maƙale ta a hammata yana amsa waya, bai ma tsaya an ɗauki hoto ba.

Da aka watse na fita ta ƙaramar ƙofa, wadda muke bi a zamaninmu. Rumfar Iya mai waina tana nan inda na bar ta, sai dai jikarta ce a bakin tanda. Iya tana daga ciki a kan kujera 'yar tsugunno, idonta ya yi rauni. Na durƙusa na gaishe ta. Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce, "Ɗan nan, muryar na sani, fuskar ce ta ɓace mini. Ba kai ne mai cewa a ƙara maka miya ba?" Na ce ni ne, Iya.

Iya ba ta yi boko ba, saboda haka littafin bashinta mu muke rubutawa da hannunmu. Ɗan littafin rubutu ne irin na 'yan firamare, bangonsa duk man gyaɗa, kowa da shafinsa. Ka ci, ka ɗauko littafin daga ƙarƙashin faranti, ka rubuta abin da ka ci, ka mayar. Idan alawus ɗin jiha ya makale wata huɗu, wannan littafi ne ke riƙe da rabin ɗakunan kwananmu. Malaman makaranta da yawa da ke gaban allo yau, wainar Iya ce ta riƙe cikinsu har suka karɓi takardar shaida. Waɗansu sun biya ranar da kuɗi ya fito, waɗansu sun yage shafinsu a ɓoye. Ni ban yaga ba, amma na bar makarantar da saura a kaina, kuma sai ranar nan na biya, bayan shekara goma sha tara. Ta ƙi karɓa sai da jikarta ta sa baki.

Babu wanda ya gaya wa Iya cewa ranar ana karrama mutanen gari. Ita dai ta ga an yi ciniki fiye da kullum.

Kada a ɗauka ina cikin masu cewa a daina karramawa gaba ɗaya. Yabon gwani ya zama dole, kuma hadisi ya tabbata cewa wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. Makarantar da ba ta iya cewa "mun gode" tana koya wa 'ya'yanta butulci ba tare da ta sa shi a manhaja ba. Damuwata ita ce, ranar biki ma ranar darasi ce. Ɗalibi dubu suna zaune suna kallon wanda za a kira, kuma daga jerin sunayen nan suke fahimtar irin mutumin da makarantarsu take so su zama. Shekara uku ana gaya musu a aji cewa ilimi da riƙon amana su ne daraja, rana ɗaya a nuna musu cewa kujera da jiniya ne. Wanne za su riƙe? Ai wanda suka gani da ido.

Abin da ke ƙara mini takaici shi ne, a Arewa mun taɓa iya wannan abu, kuma mun iya shi sosai. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Ladi Kwali digirin girmamawa. Mace ce Bagwariya mai ginin tukwane, wadda ta koyi sana'ar a gida tun tana yarinya, ba ta zauna a ajin boko ba. Sarkin Abuja na lokacin, Sulaimanu Barau, yana tara tukwanenta tun kafin duniya ta san ta, kuma a 1954 ta zama mace ta farko da ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane ta wannan gari na Abuja, wanda yanzu ake kira Suleja. Hotonta ne a bayan takardar naira 20, ta sunkuya kan tulu. Wane kuɗi Ladi Kwali za ta ba jami'a? Wace kwangila za ta sa wa hannu? Malaman wancan zamani sun dubi yumɓun da ke hannunta suka ce wannan ma ilimi ne, kuma ta fi mu saninsa.

A 1988 jami'ar ta sake yin irinta, ta sanya wa Mamman Shata alkyabba. Har yau in ka ce Dakta Mamman Shata babu mai murmushin raini, daga farfesa har ɗan tasha. Digirin ya zauna masa daram, domin aikin da aka ba shi dominsa yana cikin kunnen kowa.

To a nan ne abin ya juye. A da, jami'a ce ke kiran mawaƙi ta karrama shi. Yanzu makarantun ne da kansu suka ɗauki kalangu. Kuma in za a yi adalci, maroƙin gargajiya ya fi su gaskiya. Shi a fili yake sana'arsa: ya wasa ka, ka yi masa liƙi, kowa a wurin ya san abin da ke tsakaninku, babu wanda aka yaudara. Makaranta kuwa tana yin roƙon ne da rigar ilimi, da sandar girma a gaba, da jerin gwanon farfesoshi a baya, sannan ta ce wai kwamiti ne ya zauna ya tantance. Washegari mutum ya canza katinsa da allon ƙofar ofis, ya zama Dakta, kuma wanda ya shekara bakwai yana fama da kundin bincike da kuɗin aljihunsa dole ya matsa masa a benci.

Su kansu shugabannin jami'o'i sun san da cutar. A 2012 suka taru a Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi suka fitar da matsaya wadda har yau ake kiranta da sunan garin. A cikinta suka amince cewa ba za a ƙara bai wa mai riƙe da muƙamin gwamnati digirin girmamawa ba sai ya sauka, kada jami'a ta wuce mutum uku a shekara, kuma jami'ar da ba ta taɓa yaye ko ɗalibin digiri na uku ɗaya ba kada ta ba kowa na girmamawa. Magana mai kyau. Amma yarjejeniya ce ta fatar baki tsakanin abokan aiki, babu hukunci ga wanda ya karya, aka kuwa yi ta karyawa. Har sai da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta sake fitowa a ƙarshen 2025 tana nanata hanin bai wa masu riƙe da muƙami. A Ghana ma hukumar manyan makarantunsu ta taso wa masu liƙa wa sunansu "Dakta" na girmamawa. Kwalejojin ilimi da na kimiyya da fasaha ba sa ba da irin wannan digiri, lambar yabo suke bayarwa, don haka hanin bai ma iso kansu ba. Amma zazzaɓin ɗaya ne.

Na san amsar da shugaban kwaleji zai ba ni, domin wani abokina da ke aiki a ofishin magatakardan wata makaranta ya ba ni ita ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Ya ce, "Malam, kai kana maganar darasi, mu muna maganar dizal." Abin da gwamnati ke turowa na gudanarwa ba ya biyan kuɗin wuta. Gine-ginen da ake gani sababbi, duba jikinsu, kusan duk tambarin TETFund ne, asusun da ya samo asali daga yarjejeniyar ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, da gwamnati ta 1992, wanda ake tarawa daga harajin ribar kamfanoni. In ka cire wannan, sai abin da aka roƙo. Idan lambar katako ta naira dubu kaɗan za ta jawo rijiyar burtsatse ko motar ɗalibai, wane shugaba ne zai ƙi?

Ban raina wannan hujja ba. Yunwa ba ta san ƙa'ida ba. Amma ina da tambaya: ina rijiyar? A bikin da na je, babban baƙo ya yi alƙawarin bas da gyaran ɗakin karatu, aka yi tafi har da guɗa. Na tambayi wani malami bayan wata takwas, dariya kawai ya yi. An ba da yabo a hannu, an karɓi alƙawari a baki. Ko a kasuwar ƙauye ba a irin wannan ciniki.

Mai kuɗin da ya yi aiki na gaske kuwa, hanyar gode masa a buɗe take, kuma ba ta da abin kunya. Aliko Ɗangote ya gina wa Jami'ar Bayero makarantar koyon kasuwanci, sunansa na jikin ginin. Ya gina wa Jami'ar Ahmadu Bello ɗakunan kwanan ɗalibai. Gidauniyar Abdussamad Rabi'u ta ba jami'ar ta Zariya naira biliyan 1 a 2021. Wannan abu ne da ake gani, ana kwana a ciki, ana karatu a ciki. A rubuta sunan mai shi da manyan baƙaƙe, a yi masa addu'a, babu mai jin haushi. Inda nake ja shi ne a ce duk wanda za a kira a dandamali sai mai iya gina bene, ko mai kujerar da ake sa ran zai gina.

Batun tsofaffin ɗalibai ma yana da tasa karkatar. Mu kan auna su da inda suka kai, mu manta da tambayar abin da suka dawo da shi. Dubi Kwalejin Barewa. An kafa ta a Katsina a 1921, ta koma Kaduna a 1938, ta zauna a Zariya daga 1949. Duk wanda zai yi maganarta da jerin nan yake farawa: Abubakar Tafawa Ɓalewa, Yakubu Gowon, Murtala Muhammed, Shehu Shagari, Umaru Musa 'Yar'aduwa, ga kuma Sardauna Ahmadu Bello. Abin alfahari ne, ba musu. Amma an manta cewa asalinta makarantar horar da malamai ce. Tafawa Ɓalewa da Sardauna da Shagari duk sun riƙe alli kafin su riƙe mulki. Tare da su akwai ɗaruruwa da suka fita suka koma garuruwansu suka koyar har tsufa, su suka ɗora harsashin boko a lardunan Arewa, kuma ba kasafai ake jin an ambace su ba. Ƙananan makarantu sun kwaikwayi wannan salo: kowace tana neman nata "babban mutum" da za ta nuna. Ɗalibin da ya zama kwamishina shekaran jiya ya cancanci lamba. Wanda ya shekara talatin yana koyar da lissafi a makarantar da sai an tuɓe takalmi an ƙetare rafi kafin a isa, shi ba a da lambar wayarsa.

Sai kuma waɗanda bashinsu ya fi na kowa daɗewa, wato masu ƙasa. Babu babbar makarantar da ta sauko daga sama. Harabar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru da sabon mazaunin Jami'ar Bayero da ke kan titin Gwarzo, da kowace kwaleji mai dogon shinge da ka sani, a da gonaki ne da makiyaya da kushewun kakannin waɗansu. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, kuma idan aka karɓe don amfanin jama'a, diyyar ta amfanin gona ce da itatuwa da gini, ƙasar kanta ba a biyan kuɗinta. Mutum ya karɓi kuɗin dawa da ɗorawa biyu, ya rabu da gadon gidansu har abada. Jikokinsa su ne yau ke acaba a bakin ƙofa, su ne masu shara da yankan ciyawa, maigadi yana tambayarsu katin shaida a kan gonar kakansu. In makaranta na neman "mutanen gari" da za ta karrama, ba sai ta kunna fitila ba. Kuma karramawar da ta dace da su ta wuce allo: gurbin karatu kyauta ga yaran ƙauyukan da ke kewaye, kowace shekara, a rubuce, yadda sabon shugaba ba zai zo ya ce bai san zancen ba.

Akwai masu cewa mutumin kirki ba ya bukatar a yabe shi, ladansa na wurin Allah, kiran sunansa a taro ma zai iya jawo masa riya. Haka ne, Iya ba don lamba ta yi ba. Amma ikhlasinta nata ne, godiya kuma tamu ce, ɗaya ba ya sauke ɗaya. Abin mamaki, ba a tuna wannan wa'azi sai an zo kan talaka. Ban taɓa jin an hana ɗan majalisa lamba don a tsare masa ikhlasi ba.

Hujjar da ta fi damuna daban ce, kuma daga bakin mutum na biyu a jerin nawa na ji ta, wani malaminmu da ya yi ritaya. Na ce masa, "Malam, ai ku ya kamata a kira yau." Ya ce, "A kira ni a ba ni katako? Su biya ni garatutina tukuna." Shekararsa huɗu yana zarya da fayil. Na rasa abin cewa. Gaskiya ne, lambar yabo ba ta tuƙa tuwo, kuma akwai rashin kunya a miƙa wa mutum allo mai ƙyalli alhali haƙƙinsa na hannunka ko na hannun gwamnatin da ka gayyato wakilinta ya zauna a kujerar gaba. In za a karrama ƙaramin ma'aikaci ko mai sana'ar bakin ƙofa, a haɗa da abin da zai taɓa rayuwarsa: haƙƙinsa in yana bi, kuɗin asibiti, karatun jika ɗaya. Kuɗin da ake kashewa a rumfuna da abincin manyan baƙi na yini ɗaya ya isa wannan har da canji.

Wani zai ce in aka buɗe wannan ƙofa kowa kawunsa zai kawo. Zai yiwu, mu ne fa. Maganinsa shi ne a fitar da zaɓen daga ofishin mutum ɗaya. A bar ɗalibai da tsofaffin ɗalibai da ƙananan ma'aikata da masu unguwannin kewaye su kawo suna, a liƙa sunayen a allon sanarwa wata guda kafin biki, kowanne da dalilinsa a rubuce cikin layi biyar da Hausar da kowa zai gane. Wanda aikinsa na gaske ne, layi biyar sun yi masa kaɗan. Wanda kuwa ba a sami abin rubutawa a kansa ba sai "bisa gudummawar da yake bayarwa wajen ci gaban al'umma", to an gane. Wannan jimla ta gaji, a bar ta ta huta. Mai riƙe da muƙami kuma ya jira ya sauka. In bayan shekara biyu da saukarsa har yanzu makarantar na son kiransa, to da ma ya cancanta.

Mu ma tsofaffin ɗalibai ba mu fita ba. Mun iya tara kuɗin anko da na liyafa a otal, mun iya taya juna murnar ƙarin girma a WhatsApp da hotunan furanni. Bayan bikin nan na kawo maganar mutum na uku a zaurenmu, Baba maigadin ɗakunan kwana. Duk wanda ya zauna a makarantar a shekarunmu ya san daren da wani ɗalibi ya faɗi da ciwon ciki, babu mota, Baba ya ɗaure shi a bayansa da rawani ya tuƙa keke har asibitin gari. Wannan ɗalibi yana cikin zauren, yanzu babban ma'aikaci ne. Aka yi kwana uku ana gardama: waɗansu na cewa a buga masa lamba, waɗansu na cewa a ba shi kuɗin kawai, wani ya ce a jira taron shekara a gayyaci 'yan jarida. Daga cikin mutum sama da ɗari biyu, ashirin da uku suka turo wani abu.

Ranar wata Asabar mu shida muka je gidansa da buhun shinkafa, da turmin shadda, da ambulan, da lambar da masu son lamba suka dage sai an yi. Muka same shi a zaure a kan buzu, carbi a hannu. Aka yi gaisuwa, shugabanmu ya fara jawabin da ya shirya, Baba ya katse shi da tambayar ko mun sha ruwa. Ya karɓi lambar ya jujjuya ta, ya miƙa wa jikansa ya ce a kai wa tsohuwa ta ajiye. Sannan ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Yaron nan na ɗaki na tara, mai ciwon cikin nan, ya warke sarai kuwa?"

Yana zaune a gefensa na dama, ya sunkuyar da kai. Muka ce, "Baba, ai ga shi nan."